Sunan da Hajiya Ta Ƙi Faɗa a Kakuri

Ni dai karatuna na boko a aji huɗu ya tsaya, shi ɗin ma da ƙyar da jiɓin goshi, amma yau in ana lissafin masu kafa doka a kudancin garin Kaduna kada a tsallake ni. Majalisata tana Makera, ɗaki biyu da tsakar gida. Ni ne kakaki, ni ne mai tsawatarwa, ni ne kuma mai ɗaukar sanda. 'Yar adawa ɗaya tak gare ni, Hajiya matata, kuma tun da aka buɗe zaure ban taɓa kayar da ita a ƙuri'a ba.

Da gishiri abin ya fara. Ta zuba a miya, ta juya, ta sake zubawa. Na ce, "Hajiya, ko gonar gishiri kika gada ba ki faɗa mini ba?" Muka yi dariya. Daga nan sai carbina ya kwana cikin tukunyar tuwo. Sai azahar ta koma ana yin ta ana sakewa har la'asar ta riske ta, wannan kam ban hana ba, na ce lada ce, in ta yi yawa a sammini. Ranar da dariyar ta ƙare ita ce ranar da ta dube ni ina alwala, ta ja mayafi, ta ce, "Bawan Allah, maigidan ba ya nan, sai ka jira a waje."

'Yarmu da ke aure a Mahuta ita ta kai mu asibiti. Likita ya yi tambayoyi, ya duba, ya ce dimenshiya ce. Na ce, "Likita, wannan sunan cuta ne ko sunan amarya?" Bai yi dariya ba. Ya ce ciwon mantuwa ne, abin da iyayenmu suke kira gigin tsufa, ba ya warkewa, gaba yake yi, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Wannan na ƙarshen ya faɗe shi cikin sauƙi kamar mai cewa a riƙa shan ruwa. Na so in tambaye shi wa zai zauna da ita in na zaga bayan gida, sai na ga layin da ke jiransa a ƙofa, na haɗiye.

'Yar tamu ce kuma wata rana ta karanta mini a wayarta cewa a wata jiha, can ƙasashen Turawa, 'yan majalisa sun zauna sun yi doka takanas saboda masu irin wannan ciwo da masu jinyarsu. Wai ana koya wa 'yan sanda yadda za su gane tsohon da ya ɓata, ana turo wanda zai karɓi mai jinya ya samu ya miƙe ƙafa. Na ce ta sake karantawa a hankali, don na ɗauka tatsuniya ce. Ko a nan ma akwai irinta ban sani ba, in akwai, ba ta shigo layinmu ba, wataƙila kwata ce ta hana ta. Na taɓa tare ɗan majalisarmu a wajen ɗaurin aure na yi masa bayani. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, "Baba, za mu duba." Har yanzu ina jin yana dubawa, don abin da aka duba da kyau ba a gaggawa.

Shi ya sa na kafa tawa. Dokar ashana, a ɓoye ta a saman bango. Dokar wuƙa. Dokar ƙofa, wadda ita ce babba: in zan fita, in sa sakata ta waje. Kwaɗo ba na sawa, don ina tsoron gobara ta tashi tana ciki, mutane su tsaya neman makulli. 'Yarmu ta ƙara da nata ƙudirin, ta ɗinke lambar wayarta a gefen kowane hijabi na uwarta. Muka ga mun gama da duniya.

Sai maƙwabcinmu tela ya rasu. Mutumin da muka yi shekaru muna sahu ɗaya a masallaci, ba yadda za a yi a ɗauke shi ina zaune ina gadin mace. Wanda bai raka gawar mutane ba, wa zai raka tasa? Da hantsi ne, Hajiya ta karya, tana zaune tana tsince shinkafar da na zuba mata a faranti don ta sami abin yi. Na sa sakata na bi mutane maƙabarta.

Da na dawo na tarar da ƙofa a wangale. Randa cike da ruwa har baki. Ɗan garuwa ya zo kamar kullum, ya zare sakata, ya juye, ya tafi abinsa, ban kuwa ga laifinsa ba, ba ɗan majalisata ba ne. Farantin shinkafa yana nan. Hijabanta duka suna rataye a ƙusa, kowanne da lambarsa. Akwatinta na ƙarfe ne a buɗe, an zaro tsohon gyalen da take yafawa tun muna matasa.

Ban san lokacin da na fito titi ba. Gwiwoyina da suke kai ƙarata kullum in zan yi sujada, ranar ba su ce uffan ba. Ina tafe ina tambayar duk wanda na gani. Mai awara ta bakin layi ce ta ce, "Baba, ai ta wuce tuntuni. Na gaishe ta, ta ce sauri take, an busa jiniya, Malam zai taso daga aiki ba ta ɗora tukunya ba."

Nan na gane inda ta nufa. Jiniyar da take nufi ta masaƙa ce, wadda ake busawa in masu aikin safe za su tashi. A masaƙar Kakuri na yi ƙuruciyata, a bakin injin saƙa, kuma a can muka fara zama da ita, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere suna kallon juna. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, ciyawa ta cinye ƙofarta. Mu ma mun daɗe da tasowa, tun lokacin da gari ya rikice kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Waɗanda muka sani a gidan sun watse, wasu sun koma garuruwansu, wasu suna ƙasa. Babu wanda zai gan ta ya ce ga matar wane.

Na tare Keke Napep na ce a kai ni tsohon gidan namu na Kakuri. Tun kafin mu shiga layin na ji hayaniya, irin wadda duk ɗan Kaduna ya san ta, ba ta biki ba ce ba ta faɗan maƙwabta ba. Mutane suna gudu zuwa wuri ɗaya. Mai Keke ya taka burki ya ce, "Baba, nan zan tsaya." Na sauka na kutsa, ina cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, ana ture ni ina ture mutane.

Hajiya tana zaune a ƙasa a gindin famfon tsakar gidan. Ɗankwali ya faɗi, furfurarta a waje, matar da ko ni ban cika ganin kanta a buɗe da rana ba. Silifas ɗaya a ƙafa. Ta ƙanƙame gyalen a ƙirji tana kallon fuskoki ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar ɗakin da yake namu a da, wata yarinyar mace tana tsaye rungume da jariri, ita da jaririn duk suna kuka. Daga baya na ji yadda aka yi. Uwar ta shiga wanka ta bar shi yana barci, ta fito ta ga babu shi a gado, ta tarar da wata tsohuwar da ba ta taɓa gani ba ta goya shi tsaf, tana neman murhu a inda babu murhu.

Wasu suna ihu da Hausa wasu da buroka, Turancin kan titi. Masu cewa ɓarauniyar yara ce, masu cewa mayya ce ta faɗo da rana tsaka. Kada wani ya ce mutanen addini kaza ne, na ga masu hula na ga masu sarƙar giciye, ranar bakinsu ɗaya. Abin da idona ya kasa bari shi ne wani ƙato mai singileti da ya shigo yana gangaro da tayar mota. Bai yi ihu ba. Ya tsayar da ita da tafin hannu yana jira. Na san abin da ake yi da taya a irin wannan taro, na kuma san ba a daɗewa.

Wata dattijuwa ce kaɗai ta tsaya tsakaninsu da ita, mai kula da gidan, 'yar Filato, gajeruwa mai kauri, Hausarta kamar ta Zazzau. Tana ta cewa, "Ku bari a tambaye ta! Ku bari mana!" Ta sunkuya ta ce, "Mama, yaron nan na wane ne?"

Hajiya ta ce, "Nawa ne."

"To ya sunansa?"

Hajiya ta sunkuyar da kai.

"Mijinki fa? Ya sunan mijinki, mu aika a kira shi?"

Ta ƙara noƙe kai tana murza bakin gyale.

Wani ya ce, "Kun gani ko! Wadda ba ta san sunan ɗanta ba, ba ta san na mijinta ba!" Taron ya matso kamar an tura shi daga baya.

Na faɗa tsakiya na ce, "Matata ce! Jama'a, matata ce, ba ta da lafiya!" Muryar da ta fito ba tawa ba ce, ta wani ɗan akuya ce. Na ce ciwon mantuwa gare ta, na ce a nan muka zauna, na nuna ɗakin, har sunan cutar na Turanci na faɗa ko zai yi kwarjini. Wani ya damƙi wuyan rigata ta baya ya ce, "Ga mai karɓar yaran ya iso."

Dattijuwar ta ce a sake ni. Ta juya ga Hajiya ta nuna ni. "Mama, kin san wannan?"

Hajiya ta ɗago ta ƙare mini kallo, daga hula har takalmi. Na yi mata murmushin da nake yi mata tun tana kawo mini abinci ƙofar masaƙa. Ta ce, "Na san shi. Shi ne tsohon da yake kulle ni a gida."

Wallahi ban taɓa jin gaskiya mai nauyin wannan ba. Ta ƙara da cewa, "Mijina saurayi ne, yana masaƙa, yana da keke. Yanzu zai dawo." Wani ya yi tsaki ya ce masaƙar da ta mutu tun yana goye. Na ji wani yana tambaya wa ke da fetur a janareto. Na ji fitsari yana neman kunyata ni. Na duba ƙofar gida, ta cika da mutane. Ko ɗan sanda ya zo a lokacin, me zai gani? Tsohuwa da ta ɗauki ɗan mutane, da tsohon da ta ce yana kulle ta.

Ina kallonta tana murza bakin gyalen nan, kai a ƙasa, sai na gane abin da nake gani. Wannan noƙewar ba ta mantuwa ba ce. Na san mantuwarta, ido take zurawa fayau kamar mai kallon ruwa. Wannan kuwa kunya ce. Hajiya 'yar mutanen da ce. Tun da aka kawo ta gidana bakinta bai taɓa furta sunana ba, Malam take cewa. Ko wani mai irin sunana za ta ambata, sai ta ce mai sunan Malam. Ɗanmu na fari kuwa, wanda yanzu gemunsa ya yi fari yana jan tirela a kudu, a wannan ɗakin ta haife shi ta goya shi, amma har yau yaron nan take ce masa. An tambaye ta sunaye biyun da ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa ba.

Na kama hannun dattijuwar na ce, "Mama, don Allah, kin zauna da Hausawa?"

Ta ce, "A cikinsu na tsufa."

"Matanmu na da, suna kiran sunan miji?"

Ta tsaya. Na ga abin ya faɗa mata. Na laluba aljihu na zaro katin zaɓe na ba ta, na ce, "Ga sunana, ga hotona. Ki jero mata sunayen maza ta maimaita, ki sa nawa a tsakiya." Tun da aka ba ni katin nan nake bin layi a rana ina dangwala wa mutane, ranar ce kaɗai ya yi mini aiki.

Ta ɗaga katin ta nuna wa na kusa, har da mai tayar, suka karanta. Sannan ta ɗauki ɗankwalin daga ƙasa ta kaɗe ta ɗaura wa Hajiya, ta tara hannu a famfo ta shafa mata ruwa a fuska, ta durƙusa a gabanta. Ta ce, "Mama, za mu yi karatu ni da ke. Abin da na faɗa ki faɗa."

Ta kira sunan namiji. Hajiya ta maimaita. Ta kira wani, ta maimaita. Ta kawo na Kirista, ta kawo na Musulmi, Hajiya tana bi tiryan-tiryan, har ta fara jin daɗin abin tana gyaɗa kai. Ni kuwa ina tsaye ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Don ban tabbata ba. Ciwon nan ya ci hanyar gida, ya ci fuskata, ya ci sunayen jikoki. In ya riga ya ci wannan ma, za ta faɗi sunana garau kamar na kowa, shi ke nan na zama maƙaryaci a gaban taya.

Dattijuwar ta kira sunana.

Hajiya ta buɗe baki. Sai ta rufe. Ta ja gyalen ta lulluɓe fuska har haɓa, ta kawar da kai gefe, daga ciki muka ji ta ce, "Haba 'yar nan! Ke ba ki da ta ido? A gaban mutane?"

Wata mata a baya ce ta fara fashewa da dariya, sai wata, sai ta bazu cikin matan. Mai tayar bai yarda ba. Ya ce haɗin baki ne, a ba shi wuri. Ya jingina tayar da bango ya tsuguna da kansa, ya jero nasa sunayen da sauri da sauri don ya rikita ta, ya jefa nawa ba zato. Ta sake lulluɓewa, wannan karon har da duka ta kai masa a gwiwa, ta ce, "Kai ma an aiko ka?" Ya miƙe yana sosa ƙeya. Wanda ya riƙe mini riga ya shiga gyara mini wuyanta. Na ga mutane suna zamewa ta ƙofa ɗaya-ɗaya, kowa yana yi kamar wucewa yake ya leƙo. Wani tsoho ya kwantar da tayar ya zauna a kai.

Uwar jaririn ba ta yi dariya ba. Na je gabanta na durƙusa, da furfurata, na ba ta haƙuri. Ta ce, "Baba, na ji. Amma da ta fita da shi fa? Da ta faɗi da shi a kwata?" Gaskiyarta ce, kuma in da ni ne ita, ban san irin ihun da zan yi ba.

Tafiya gida ma sai da aka yi shari'a. Hajiya ta ce ba za ta bi tsohon nan ba, mijinta zai dawo ya tarar ba ta nan. Dattijuwar ce ta ce, "Mama, Malam ne ya aiko a kai ki, yana can yana jira." Ta saɓa zani ta shiga Keke da ita, ni aka sa ni a gaba kusa da direba kamar kaya. Har Makera ta raka mu. A ƙofa ta ce mini, "Baba, ka sa kwaɗo." Na ce gobara fa? Ta ce, "To Allah ya kyauta." Na ce amin, don ita ma ba ta da dokar da ta wuce tawa.

Yanzu majalisa ta yi gyare-gyare. An ɗinke lamba a tsohon gyalen. An yi wa ɗan garuwa karatu na ɗaya da na biyu. Jana'iza kuwa sai dai in yi salla a ƙofar gida in dawo, maƙabarta na daina zuwa, ina fata in tawa ta zo za a yi mini uzuri. Amma na sani, duk wannan ɗinki ne a kan tsumma. Ranar da za ta fita da zani kaɗai tana nan tafe, kuma ba kowane gida ne yake da 'yar Filato mai jin Hausa ba.

In wannan rubutu ya faɗa hannun wani mai kujera a majalisa ta gaske, to ranka ya daɗe, ba na roƙon shinkafa. A sanar da mutane cewa tsohuwar da ta ɓata ba mayya ba ce, a koya wa masu kaki, a samo mana wanda zai zauna da su ko na tsawon jana'iza ne. Kuma a ɗan hanzarta dubawar, don shaidar da nake da ita guda ɗaya ce, ita ma ciwon yana bin ta.

Kullum da safe in na kawo mata koko, sai in zauna a gabanta in kira sunana da kaina, kamar mai kiran wani a waje. Da can kafin in rufe baki ta ja mayafi. Yanzu sai ta ɗan jima. Shekaranjiya na kira, ta zura mini ido fayau, ta ce, "Wane ne shi?" Na riƙe kofin, kokon yana zuba a yatsuna da zafinsa ban ajiye ba. Can sai hannunta ya tashi a hankali, ya lalubo bakin mayafin, ya ja shi zuwa hanci.

Na ce, "Madalla, Hajiya. An ɗage zama sai gobe."

Ta ce, "Bawan Allah, ka rage surutu, Malam yana barci."